Gurasar da Aka Gatsa

Saura ƙiris wannan labari ya mutu a cikin mai shi, domin Sabohat ba mai magana ba ce. Ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai take yi. Amma abin da idonta ya gani a bakin gadar garinsu, Sebiston, ya ƙi barinta ta zauna lafiya sai da ta fitar da shi.

A ɗakin kakarta, Bibi Anzurat, akwai gurasa biyu rataye a bango, kowacce a ƙusarta, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sun bushe sun yi tauri kamar katako, kuma kowacce an gatsi gefenta sau ɗaya. Haka ake yi wa mai tafiya soja: a gasa masa gurasa, ya gatsa, a rataye sauran, rabonsa na jiran sa a gida, ran da ya dawo ya cinye. Ta dama ta Dawlatyor ce, mahaifin Sabohat, wanda ya hau duwatsu tare da 'yan adawa lokacin yaƙin basasa. Ta hagu ta ƙanensa Kurbon ce, wanda sojojin gwamnati suka ɗauka a wannan shekarar. Daga tanderu ɗaya aka fitar da su. Babu wanda ya dawo, babu kuma wanda aka kawo gawarsa.

Sabohat tana goye lokacin, ƙanenta Nekruz kuwa yana ciki. Mahaifiyarsu ba ta daɗe ba ta rasu, sai Bibi Anzurat ta haɗa su ta raine su da dankali da tuffa da saniya ɗaya. Tun da hannun Sabohat ya isa cikin tanderu aka bar mata gashin gurasar gidan, har ma takan kai wa Bobo Safar mai gidan shayi na bakin gada kowace hantsi.

A shekarar da Nekruz ya isa shiga soja, da kaka, wata babbar mota ta zo daga garin Garm da maza da ƙarafuna, suka kafa wani ƙaton allon talla a bakin gadar, daidai inda shingen sojoji yake a da, inda ake sauke maza daga mota a jera su. Hoto ne a jikin tamfol, tsayinsa ya fi rufin masallaci. Wani saurayi ne cikin kaki, kumatunsa jajir, yana murmushi, wata tsohuwa mai farin mayafi tana miƙo masa gurasa da hannu biyu, an gatsi gefenta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Uwa, riƙe masa rabonsa, ƙasa za ta dawo miki da shi namiji.

Duk mutumin Sebiston da ya zo wucewa yakan sami abin kallo a ɗaya gefen, ko kogi, ko takalminsa. Bobo Safar ma ya juya bencinsa ya bai wa allon baya. Samari ne kaɗai ke satar kallonsa, Nekruz kuwa ba sata yake yi ba, tsayawa yake yi ya riƙe ƙugu.

Wata rana suna cin abincin rana ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kaka, na ba da sunana. Ranar Alhamis motar za ta zo."

Bibi Anzurat ta ci gaba da tauna kamar ba da ita ake ba.

"Kaka, kin ji ni kuwa, ko kunnen ya tafi hutu ne?"

"Kunnena ya fi hankalinka lafiya, ja'iri. Kai da ko jaki ba ya jin umarninka, kai ne soja?"

"Ai can za a koya mini. Shekara biyu ce fa. Ko in je da ƙafata, ko su tsince ni a kasuwa su jefa a mota kamar buhun dankali. In ba haka ba, sai in bi 'yan ci-rani Rasha in je ɗaukar siminti. Wanne kika zaɓa mini?"

"Ban zaɓa maka komai ba."

"To ki sa Yaya ta gasa mini gurasata."

Tsohuwar ta ɗaga ido ta dubi bango, sannan ta dube shi. "Ƙusa biyu gare ni, Nekruz. Muddin ina numfashi ba za a kafa ta uku a gidan nan ba. In za ka tafi, ga ƙofa, amma ba da gurasata ba."

Sabohat ta dubi Nekruz. Ta san ƙanenta, in ya ce Alhamis, to Alhamis ɗin ce. Ta kuma san abin da ake nufi da mutum ya bar gida bai gatsi gurasa ba: ya tafi ke nan bai bar rabo a baya ba, ba abin da zai janyo ƙafarsa gida. Sai ta shiga tattara kofuna.

Washegari ya same ta a bakin tanderu tana liƙa ƙullu, fuskarta ta yi ja saboda wuta.

"Yaya," ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "ke ce fa mai tanderun nan. Ki ware mini ɗaya a ɓoye, ki rataye ta a turken saniya. Wa zai sani?"

"Ba irin wannan ba ce," ta ce. "Tamu akwai madara a ciki, kwana kaɗan za ta yi funfuna. Ta tafiya daban ake kwaɓa ta, ni kuwa ban taɓa ganin an yi ba. Tun bayan yaƙi ba wanda ya gasa ta a garin nan."

"To ki tambayi wata tsohuwar mana."

"In ba hannun babba na gidanku ya miƙa maka ba, gurasa ce kawai."

Ya yi dariya, wushiryarsa ta bayyana, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Shi ke nan, sai in je in gatsi ta jikin allon. Ai ita ba mai hana ni."

Ranar Laraba da sassafe iska ta gangaro daga duwatsu da ruwa mai sanyi, irin wadda ke karkaɗe tuffa daga bishiya. Da hantsi ta lafa, Sabohat ta ɗora kwandon gurasa a ka ta nufi gidan shayi. Tun daga nesa ta hango taro. Iskar ta tsinke tamfol ɗin daga ƙarafunansa ta shimfiɗa shi a kife a kan hanya, ya rufe bakin gadar daga wannan gefe zuwa wancan, fuskarsa cikin laka.

Ba wanda ya wuce. Motoci biyu sun tsaya, makiyayi ya tare shanunsa da sanda yana ta zufa. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashi. A Sebiston ko gutsuren gurasa aka gani a ƙasa sai an ɗauka an sumbata an taɓa a goshi an ɗora a kan katanga, kuma ba a kifa ta ko a kan tebur, balle a laka.

Wani direba daga babban birni, Dushanbe, ya leƙo yana danna ham. "Haba jama'a! Hoto ne fa, leda ce da fenti!"

Bobo Safar ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Bismillah, taka ka wuce."

Direban ya dubi tamfol ɗin, ya dubi tayarsa, ya kashe mota.

"To ku ɗaga mana!" in ji shi.

Bobo Safar ya ce, "Kai ka ɗaga. Gobe a ce mutanen Sebiston ne suka kayar, a zo a ga sawun hannuna a jiki? Na sha wannan shayin sau ɗaya, bai yi mini daɗi ba."

Wani dattijo ya ce shi ko za a yanka shi ba zai taɓa kayan soja ba. Wani ya ce masa ai gurasar ba ta shiga soja ba. Aka yi dariya kaɗan, kowa na jiran wani.

Sabohat ta ajiye kwandon ta koma gida da sauri. Ta tarar da kakarta tana tsince wake.

"Kaka, allon ya faɗi."

"Allah Ya ƙara."

"A kife ya faɗi. Gurasar tana cikin laka, ba wanda ya ɗaga."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin waken. Tun ranar da aka ɗauki Kurbon ba ta sake taka bakin gadar nan ba. Ko biki ake yi a tsallake sai dai ta aika. Ta ture faifan waken gefe, ta ce, "Maza nawa ne a wurin?"

"Da yawa."

"Kayya. Miƙo mini sandata."

Da taron ya ga Bibi Anzurat tafe, sai ya tsage mata hanya. Ba ta gaida kowa ba. Ta jingine sandar, ta durƙusa a cikin lakar da sabuwar rigarta, ta kama gefen tamfol ɗin da hannu biyu tana ja. Ko motsi bai yi ba, ya sha ruwa ya yi nauyi. Sabohat ba ta san lokacin da ta durƙusa kusa da ita ba, a gaban idon duk garin. Sai ga matar Bobo Safar, sai ga wata, sai ga wata, mata suka jeru a gefen suna ja. Kunya ta kama mazan, Nekruz ya fara shiga, saura suka biyo, aka birkice shi aka jingine a jikin katangar gada.

Bibi Anzurat ta warware bakin mayafinta ta shiga goge lakar daga jikin gurasar hoton, wadda faɗinta ya kai ƙofar ɗaki. Da ta fito fes, ta sumbace ta ta kafa goshinta a kai. Sannan ta ja da baya, ta kalli hoton a karon farko.

"Wane ne ya gatsi wannan?" ta ce. "Ɓera? Wannan ai almakashi aka sa. Namiji mai barin gida ba haka yake gatsa ba." Ta juyo. "Sabohat, je ki sauko mini da su."

"Kaka?"

"Dukansu biyun, na jikin bango. Ki taka akwati. Ki riƙe su fuskarsu sama."

Ba a taɓa sauke su ba, ko ranar shafen ɗaki sai dai a kewaye su. Sabohat ta hau akwatin ta sauko da su. Ba su da nauyi ko kaɗan, sai ka ce ganye. Ta naɗe su a farin ƙyalle ta rungumo su a ƙirji, tana tafe tana kallon ƙasa kada ta yi tuntuɓe.

Amma matan sun ji abin da tsohuwar ta ce, kuma da Sabohat ta fito sai ta ga ba ita kaɗai ce a hanya ba. Daga wannan lungu wata ta fito rungume da farin ƙyalle, daga wancan wata, daga gidajen kan tudu wasu suna gangarowa a hankali, kowacce da abu a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Sabohat ta girma tana zaton gidansu ne kaɗai, ko su da gida biyu uku, domin ba a shigar da baƙo ɗakin da ake ratayewa. Ashe rabin garin kwana yake yi a ƙarƙashin gurasa.

Bobo Safar ya shiga ya ɗauko doguwar shimfiɗar cin abinci ta biki, ya baza ta a kan katangar gada. Matan suka fara jerawa. Ƙanana da manya, wasu sun yi baƙi saboda hayaƙin ranar da aka ƙona gidaje, wata ta tsage an ɗaure ta da zare. Shimfiɗar ta cika, aka ƙaro wata. Na waɗanda suka hau duwatsu da na waɗanda suka sa kaki suka cakuɗe, ba mai iya bambancewa. Kowacce da gurbin haƙora a gefenta, kuma ba gurbi biyu da suka yi kama. Ga mai faɗin baki, ga wanda ya ɗan ciza kawai don kuka ya hana shi, ga mai karyayyen haƙori. Sabohat ta tsaya tana kallonsu. Ji ta yi kamar mazan duka sun zo cin abinci a bakin gada, sun gatsa sau ɗaya, an kira su, yanzun nan za su dawo.

Nekruz ya sunkuya a kan ta mahaifinsa, wadda bai taɓa gani kusa ba. A tsakiyar gurbin akwai wani ɗan siririn tudu da haƙoran suka bari. Ya kai yatsa ya taɓa wushiryarsa.

"Kaka, shi ma?"

"A ina kake zaton ka samo ta, a kasuwa?"

Ana cikin haka wata koriyar mota ta tsaya a bayan shanu. Wani hafsa ya diro, kyaftin ne, shi ne mai ɗaukar sojan gunduma, sunansa Mirzo. An buga masa waya cewa an kayar da allon, ya taho da fushinsa a fuska. Da ya buɗe baki ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?" kowa ya ji harshen mutanen kudu, waɗanda suka shigo kwarin nan da tankokin yaƙi a wancan lokacin. Maza suka soma ja da baya.

Sai idonsa ya faɗa kan katangar. Ya bi jerin da kallo daga wannan ƙarshe har wancan. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Bibi Anzurat ta dogara sandarta ta matso har gabansa. Kanta bai wuce aljihun rigarsa ba.

"Iska ce ta kayar, mu muka ɗaga," ta ce. "Kai ne ka rubuta cewa za a dawo mana da su?"

"Ba ni na rubuta ba, Inna. Daga birni aka aiko. Ni dai na sa aka kafa."

"Kana da uwa?"

"Tana nan da rai."

"Ta gasa maka?"

"Ta gasa mana mu biyu, ni da yayana. Tasa tana bango har yau. A kwarin nan ya ɓata, ban san a wane dutse ba."

Wata mata ta ja numfashi. Tsohuwar ba ta kau da ido ba.

"Taka fa?"

"Na cinye tawa."

Sabohat ta dubi fuskokin matan ta gane cewa a cikinsu babu wadda ta taɓa ganin mutumin da ya cinye tasa. Kallonsa suke yi kamar wanda ya dawo daga wata duniya.

Bibi Anzurat ta ce, muryarta ta sauya, "Yaya ɗanɗanonta yake?"

Kyaftin ya ce, "Wallahi, Inna, ba daɗi. Haƙori ba ya kama ta. Sai da aka farfasa ta da taɓarya aka jiƙa a shayi. Ƙura-ƙura take, da gishiri, da warin bango. Mahaifiyata ta zauna a gabana ta ce ko ɓurɓushi na bari sai ta ci mutuncina. Ina ci tana kuka tana zagina wai na rame."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta toshe baki da mayafi.

Bibi Anzurat ta ce, "Ka cinye duka?"

"Duka. Har na lashe kwanon."

Ta daɗe tana duban bakinsa, kamar tana son ganin inda gurasar ta bi. Sannan ta nuna Nekruz da sanda. "Wancan mai wushiryar nawa ne. Ba ya jin magana, ba ya tashi da wuri, kuma ƙafarsa ta hagu tana kumbura in sanyi ya yi yawa."

"Ba zan yi miki alkawarin da ke jikin allon nan ba, Inna. Ba a hannuna yake ba. Amma yanzu ba yaƙi ake yi ba, kuma zan san inda aka kai shi."

"Da ka yi mini alkawarin, da na san maƙaryaci ne kai."

Ta juya ta naɗe gurasarta biyu da kanta. Sauran matan ma kowacce ta ɗauki tata, ba wadda ta yi kuskuren ɗaukar ta wata. Kyaftin ya sa aka nannaɗe tamfol ɗin, hoton na ciki, aka ɗora a saman motarsa. Bai ce za a sake kafawa ba, ba wanda kuma ya tambaye shi. Shanu suka wuce, direban Dushanbe ya tada mota ba tare da ya danna ham ba.

A gida Sabohat ta hau akwati ta mayar da su kan ƙusoshinsu. Kakarta na zaune tana kankare lakar gwiwarta har la'asar ta yi. Gobe ce Alhamis. Sabohat ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Kaka," ta ce, "ki koya mini."

Tsohuwar ta ɗago. "Au, ashe kina da baki?"

"Kin ce ba za a kafa ta uku ba. Ni zan kafa, ba ke ba. Ke dai ki miƙa masa."

Bibi Anzurat ta dubi bango, ta dubi jikarta, ta sauke ajiyar zuciya.

"Ba madara, ba mai, ba ƙwai," ta ce. "Gari da ruwa da gishiri, gishirin ya fi na kullum. Ki murza ƙullun har hannunki ya yi ciwo, ya yi tauri kamar kunnen jaki. Ki huda tsakiya da yatsa tun yana ɗanye, wurin ƙusa. Kada ki sa a wuta mai harshe, ki bari sai ta zama garwashi, ta bushe har ciki. Kuma ki yi ta ƙarama. Waɗancan na yi su manya don gata, ban yi tunanin wanda zai zauna ya cinye ba."

Washegari Sabohat ta hura tanderu tun rana ba ta leƙo ta kan duwatsu ba. Ta gasa ta gida da ta Bobo Safar, ta jira wutar ta kwanta, sannan ta liƙa ƙaramar ita kaɗai. Da ta huce ta kai wa kakarta, kakar ta miƙa wa Nekruz da hannu biyu a tsakar gida tana cewa ya buɗe baki da kyau, ba ɓera ta raina ba. Ya gatsa, ya tauna da ƙyar, ya ce wannan ai tun yanzu dutse ce. Bayan ƙarar motar ta ɓace a tsallaken gada, Sabohat ta ɗauko ƙusa da guduma. Ba ta hau akwati ba. A gefen ƙofa ta kafa ta, daidai tsayin kafaɗar ƙanenta, inda mai shigowa zai miƙa hannu kawai ya ɗauka.